Antoni Lewenhuk, Ɗan Kasuwar Yadin Da Ya Fara Duba Bayan Gida Da Madubi

A ranar 4 ga watan Nuwamba na shekarar 1681, wani ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan ya rubuta doguwar wasiƙa zuwa ga manyan masanan birnin Landan, yana ba su labarin gudawar da ta matsa masa a bazarar wannan shekara. A gafarce ni, haka zancen yake. Mutumin yana da shekara 49 a duniya, dattijo mai mutunci a garinsu, ma'aikacin majalisar gari, amma bai ji nauyin faɗa wa baƙi sau nawa yake zagayawa a rana ba, da abin da ya ci kafin cikinsa ya ɓaci, da abin da idonsa ya gane masa lokacin da ya ɗebi ɗan kaɗan ya ɗora a gaban gilashi. Wannan wasiƙa ita ce ta farko a tarihi da wani ya rubuta cewa ya ga wata halitta mai rai, wadda ido ba ya iya gani, tana motsi a cikin bayan gidan ɗan Adam.

Mu da muke neman abincinmu a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, wannan bawan Allah kakanmu ne a sana'a, ko da yake da yawa daga cikin abokan aikina ba su taɓa jin sunansa ba. A rubutun Holanci ana rubuta sunan Leeuwenhoek, ma'anarsa kusurwar zaki, domin gidan iyayensa yana kan wata kwana kusa da ƙofar da ake kira Ƙofar Zaki. Ni dai zan rubuta Lewenhuk, yadda bakinmu zai iya.

An haife shi ranar 24 ga Oktoba, 1632, a Delft, gari mai magudanan ruwa da kwalekwale ke bi a tsakiyarsa. Holan ɗin nan ce dai da matanmu suka sani a bakin atamfa, ko da yake masana'antar atamfar ta zo ne bayan shi da shekaru masu yawa. Mahaifinsa mai saƙar kwanduna ne, ya rasu yaron yana da shekara biyar. Mahaifiyarsa ta sake aure, aka tura shi makarantar yara a wani gari mai suna Warmond, daga baya ya zauna wurin kawunsa. Iyakar karatunsa ke nan. Bai je jami'a ba, bai iya Latin ba, wanda shi ne harshen ilimi a Turai ta wancan zamani, bai iya Ingilishi ko Faransanci ba. Holanci kawai ya iya, shi ma irin na kasuwa. Yana da shekara 16 aka kai shi Amsterdam ya zama yaron shago wurin wani mai sayar da yadi ɗan Sikotlan, inda ya yi shekara shida yana koyon ciniki da riƙon littafin kuɗi.

A 1654 ya komo Delft, ya auri Barbara de Mey, ya buɗe shagonsa na yadi da zare da maɓallai. Shekarar ce kuma rumbun albarushin garin ya fashe a watan Oktoba, ya rushe wani babban yanki, ya kashe mutane fiye da ɗari. Shi ya tsira. Amma gidansa bai tsira daga wani abin ba: 'ya'ya biyar Barbara ta haifa masa, huɗu suka rasu suna jarirai, mace ɗaya ce ta rayu, sunanta Mariya. Barbara ta rasu a 1666, ya sake aure a 1671, ita ma ta biyun ta riga shi. Mutumin da zai fara ganin ƙananan halittun da ke cikin ruwan sha da bakin mutum da hanjinsa ya binne 'ya'ya huɗu a zamanin da babu wanda ya san abin da ke kashe jarirai.

A 1660 majalisar gari ta ba shi wani ɗan muƙami: kula da zauren alƙalai. Ya buɗe, ya rufe, ya hura wuta lokacin sanyi, ya tabbata an share, ya kuma kama bakinsa kan abin da ya ji ana tattaunawa. Ya riƙe wannan aiki kusan shekara arba'in. Daga baya ya ci jarrabawar aikin safiyo a 1669, aka kuma ba shi aikin auna gangunan da ake shigowa da su gari saboda haraji. Kada mai karatu ya raina waɗannan ayyuka. Albashinsu ne ya ba shi lokacin zama yana wasa da gilashi, kuma su suka koya masa ɗabi'ar da ta bambanta shi da sauran masu kallon abin mamaki: duk abin da ya gani, sai ya auna shi. Shi ne ma majalisa ta naɗa a 1676 ya kula da gadon mai zanen nan Vermeer, wanda ya rasu da bashi a kansa. Sa'anni ne, an rubuta sunayensu a rajistar coci ɗaya kwanaki kaɗan tsakani.

To, ina yadi ina madubin likita? Masu sayar da yadi na wancan lokaci suna amfani da ɗan gilashin ƙara girma su ƙirga zaren saƙa don su san mai kyau da na banza, kuma masu tarihi da dama suna ganin daga nan sha'awar ta samo asali. A 1665 kuma wani masanin Ingila, Robert Hooke, ya fitar da littafinsa Micrographia mai ɗauke da manyan zane-zanen ƙuma da kwarkwata da bakin allura yadda suke a ƙarƙashin madubi, littafin da ya zaga Turai.

Abin da Lewenhuk ya ƙera bai yi kama da na'urar da kuke gani a asibiti ba ko kaɗan. Faranti biyu ne 'yan ƙanana na farin ƙarfe ko azurfa, tsawonsu bai wuce babban yatsa ba, an haɗa su da ƙusoshi, a tsakaninsu an maƙale ƙwayar gilashi ɗaya tak, wadda wani lokaci ba ta fi kan allura girma ba. A bayan gilashin akwai wani tsinke da ake manna abin da za a duba a kansa, da sukurori da ake murɗawa a matso da shi ko a ja shi baya. Sai mutum ya kawo abin dab da idonsa, kusan gashin ido na taɓawa, ya fuskanci haske, ya daure. In ruwa ne za a duba, sai ya zuƙe shi a cikin wani siririn bututun gilashi da shi da kansa yake ja a wuta. Ya yi irin waɗannan gilasai sama da 500 a rayuwarsa, domin in ya samu abin da ya burge shi sai ya bar shi manne a jikin madubin, ya ƙera wani sabo. Wanda ake ajiye da shi a birnin Utrecht yana ƙara girman abu fiye da sau 260. Manyan madubai masu gilashi biyu da masanan Landan ke taƙama da su a lokacin, da ƙyar suke ba da hoto mai tsabta in an wuce sau 30 zuwa 50.

Da ba don wani maƙwabcinsa likita ba, Reinier de Graaf, da wataƙila duk wannan ya ƙare a cikin shago. A watan Afrilun 1673 likitan ya rubuta wa sakataren ƙungiyar masana ta Landan, wato Royal Society, cewa akwai wani mutum a garinsu da madubansa suka fi duk waɗanda aka sani, ya haɗa da bayanan da Lewenhuk ya yi kan funfuna da ƙarin kudan zuma da kwarkwata. De Graaf ya rasu bayan wata huɗu kacal, amma ƙofa ta riga ta buɗe. Shekara hamsin cur Lewenhuk ya yi yana aika wa wannan ƙungiya wasiƙu, kusan 190, duk da Holanci, su kuma su fassara su buga. Bai taɓa rubuta littafi irin na malamai ba. Wasiƙunsa kamar hirar ƙofar gida suke: ya fara da gashin gemu, ya faɗa zancen ciwon haƙori, ya dawo kan idon ƙuda.

A 1674 ya ɗebo ruwan wani tafki kusa da Delft ya ga ƙananan halittu suna iyo a ciki, ya kuma bayyana jajayen ƙwayoyin jini. A 1676 ya jiƙa masoro a ruwa, wai yana son ya gano abin da ke sa shi yaji a harshe. Bai gano dalilin yajin ba. Abin da ya tarar bayan mako uku shi ne ruwan ya cika da halittu ƙanana ƙwarai, waɗanda ya ƙiyasta cewa ko an jera ɗari ba za su kai tsawon ƙwayar yashi ɗaya ba. Ƙwayoyin bakteriya ke nan, karon farko da idon ɗan Adam ya sauka a kansu. Landan ba ta yarda ba, kuma ni ban ga laifinsu ba. Mai shagon yadi ya ce akwai dubban dabbobi a ɗigon ruwa ɗaya, ku kun duba da naku madubin ba ku ga komai ba, me za ku ce? Sai ya bayyana musu lissafinsa, inda ma'auninsa ya kasance ƙwayar gero: ya ɗebi ruwa daidai girman ƙwayar gero ɗaya, ya rarraba shi a bututu, ya ƙirga na kashi ɗaya, ya ninka. Ya kuma tara shaidu takwas, cikinsu har da limaman coci da lauya, suka leƙa suka sa hannu. A watan Nuwamban 1677 Hooke ya sake gwajin ruwan masoro a gaban 'yan ƙungiyar, suka gani da idonsu. A 1680 suka zaɓe shi ɗan ƙungiya. Bai taɓa halartar zamansu ko sau ɗaya ba.

Akwai inda ya ji kunya fa. A 1677, da ya bayyana ƙwayoyin da ke cikin maniyyi, ya roƙi ƙungiyar cewa in suna ganin zancen zai ɓata wa mutane rai, su ɓoye takardar. Amma kan bayan gida bai nemi afuwar kowa ba.

Ga abin da ya faɗa wa Hooke a waccan wasiƙa ta 1681. A al'adarsa sau ɗaya yake zagayawa da safe, lafiya lau. Amma lokaci-lokaci, bayan mako biyu ko uku ko huɗu, sai cikin ya tsinke, ya je sau biyu zuwa huɗu a rana. A bazarar shekarar abin ya yawaita, musamman in ya ci naman sa mai kitse da aka banɗare a hayaƙi, ko cinyar alade irin tasu ta can, abincin da ya ce yana so ƙwarai. Akwai lokacin da ta kwana uku, abinci ba ya wuce kamar awa huɗu a cikinsa. Da ya duba ruwan bayan gidan, sai ya ga ɓarɓashin abincin da bai narke ba, da ƙwayoyi iri-iri, a tsakaninsu kuma ga wasu halittu suna motsi. Girmansu kusan na ƙwayar jini, wasu sun ɗan fi, wasu ba su kai ba. Tsawonsu ya ɗan fi faɗinsu. Cikinsu a shafe yake, da wasu 'yan ƙafafu da suke kaɗawa da sauri, amma duk da wannan hanzari tafiyarsu a hankali take. Ya kwatanta su da ɗan ƙwaron nan mai ƙafafu da yawa na wuri mai laima in yana hawa bango. Sannan ya ƙara wani abu wanda a wurina ya fi duk sauran daraja: in bayan gidansa ya koma daidai, ya dama shi da ruwa mai tsabta ya duba, ba ya samun waɗannan halittu. Sai in ya tsinke.

Duk wanda ya yi shekara yana leƙa madubin asibiti ya san wannan baƙo. Sunansa a yau Giardia. Siffarsa kamar an raba fiya biyu, tsawonsa tsakanin maikiron 10 zuwa 20, alhali ƙwayar jini tana wajen 7 zuwa 8; maikiron ɗaya kuwa shi ne milimita ɗaya a raba ta gida dubu. Shafaffen cikin da Lewenhuk ya gani wani faifai ne da halittar ke mannewa da shi a bangon ƙaramin hanji. Ƙafafun kuma wutsiyoyi ne guda takwas. In an rina ta, ƙwayoyin tsakiyarta biyu sai su yi kamar idanu, ka ga fuskar wani tsoho tana kallonka. In kuma tana raye a cikin ruwan gishiri, juyawa take tana lilo kamar busasshen ganye na faɗowa daga bishiya, kuma wanda ya taɓa gani sau ɗaya ba ya mantawa.

Dalilin da ya sa ba ya ganinta a busasshen bayan gida, yau mun san shi. Halittar tana da kama biyu. Mai motsin tana zaune can sama a hanji, kuma ba ta fitowa da ranta sai in gudawa ta koro ta da sauri. In hanji na tafiya yadda ya saba, kafin ta iso ƙasa ta riga ta naɗe kanta cikin ƙwanso mai tauri, ta zama 'yar ƙwallo mai siffar ƙwai, ba motsi, ba wutsiya. Wannan mai ƙwanson ita ce ke shiga rijiya da randa da ganyen salak da hannun da ba a wanke da sabulu ba. Tana iya yin makonni a ruwa mai sanyi, kuma ɗan sinadarin kulorin da ake sa wa ruwan famfo ba ya cika kashe ta, tafasawa ce ke gamawa da ita. A wani gwaji da aka yi a Amurka a 1954, an ga cewa guda goma kacal sun isa su kama mutum. Lewenhuk yana neman abu mai motsi ne, shi ya sa masu ƙwanson suka wuce shi.

Zancen kitse ma ya dace. Giardia in ta yi yawa takan shimfiɗe a bangon hanji ta hana shi tsotse mai, sai bayan gida ya fito da maiƙo da wari mai tsanani, ciki ya kumbura, mutum ya riƙa gyatsa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, galibi ba jini. Ta lafa, ta dawo, ta lafa. A yaro ƙarami wannan zuwa da dawowa shi ke cinye nauyinsa, uwa tana ta ba shi abinci yana ta ramewa. Shi dai Lewenhuk naman ya ɗora wa laifi. Bai taɓa cewa halittun ne suka kawo gudawar ba, haka kuma a 1683 da ya kankare dattin haƙoransa da na wani tsoho da bai taɓa wanke baki ba ya ga ƙwayoyi fal, bai ce su ke ruɓar da haƙori ba. A wurinsa duk waɗannan alamu ne na hikimar Mahalicci, wanda ya tsara ƙaramin abu da kyau kamar yadda ya tsara babba. Wasu marubuta suna kallon wannan a matsayin gazawarsa. Ni ina ganin kamun kai ne. Yakan raba abin da ya gani da abin da yake zato, kuma in zato ne sai ya ce zato ne.

Aikin da muke yi yau bai yi nisa da nasa ba kamar yadda mutane ke tsammani. Ana ɗiga ruwan gishiri a gefe ɗaya na gilashi, ruwan aidin a ɗaya gefen. A ɗebi bayan gida daidai kan ashana, a dama, a rufe da siririn gilashi. In ya yi kauri ba za a ga komai ba. Ƙa'idar da ake koya wa ɗalibi ita ce ya iya karanta rubutun jarida ta cikinsa. A fara dubawa da ƙarin girma sau 100, a bi layi-layi har a gama, in an ga abin tuhuma a koma sau 400. Kun ga ke nan madubin ɗan yatsa na Utrecht yana tsakiyar wannan zango. Ƙwan macijin ciki ruwan ƙasa ne mai ƙuraje a jiki. Na tsutsar bulala kamar 'yar ganga yake da toshe a kowane baki. Na tsutsar da ke shan jini a hanji, wadda ke shiga ta tafin ƙafar mai yawo ba takalmi, ɓawonsa siriri ne garau. Na tsila zagaye ne da kauri, na tsargiyar hanji kuma babba ne da ƙaya a gefe. Wahalar ba ta ganin waɗannan ba ce. Wahalar ita ce bayan gida cike yake da abubuwan da ke kwaikwayonsu: ƙurar fure, ƙwayar sitaci, yis, gashin ganye, kumfar iska. Mai gaggawa zai rubuta tsutsa inda babu, ko ya rubuta babu inda akwai.

Shi ya sa nake jin haushi in an kawo mini kwalba da aka cika tun jiya da dare, an naɗe ta a leda uku an ɓoye a ƙasan jaka saboda kunya. Bayan gida mai ruwa ana so a duba shi cikin rabin awa, tun masu motsin ba su mutu sun narke ba. Kada ya haɗu da fitsari, kada a kwaso shi daga ƙasa. Kuma Giardia ba kullum take zubo da ƙwansonta ba, yau akwai gobe babu, don haka in likita ya ce a kawo sau uku a ranaku dabam-dabam, ba neman kuɗinku yake ba. A zangunanmu mutum ya fi son ya ba da jini sau goma da ya miƙa wannan 'yar kwalba sau ɗaya. Sai ya wuce kemis ya sayi Flagyl ko maganin tsutsa da ka, ya sha kwana biyu ya ajiye. Alhali maganin da ke kashe macijin ciki da ƙwaya ɗaya ba shi ke kashe tsargiya ba, gudawar da ƙwayar bairos ta kawo kuma babu ruwanta da ko ɗaya daga cikinsu. Attajirin Delft bai ji wannan kunyar ba, kuma da sunansa ya sa hannu.

Inda nake da magana a kansa shi ne rowar sani. Bai koya wa kowa yadda yake yin gilasansa ba. Baƙi suna ta zuwa gidansa, ya kuma gana da Sarkin Rasha Bitrus Babba, wanda ya nuna wa yadda jini ke gudana a wutsiyar wani kifi mai kama da maciji, amma wani baƙo ɗan Ailan da ya ziyarce shi a 1685 ya ba da labarin cewa madubai na matsakaici kawai yake nuna wa mutane, mafiya kyau suna ɓoye. Masanin Jamus Leibniz ya ba shi shawara ya buɗe makaranta ya horar da matasa, ya ƙi, yana ganin ɗalibai kuɗi da suna kawai suke nema, kuma da wuya a samu ɗaya cikin dubu da zai iya haƙurin aikin. Wataƙila yana da gaskiya kan ɗaliban. Amma a 2021, da masana a jami'ar Delft suka leƙa cikin madubin Utrecht da wata na'ura ba tare da sun buɗe shi ba, sai suka tarar gilashin 'yar ƙwallo ce da aka narkar a bakin zaren gilashi, dabarar da Hooke ya riga ya buga a fili tun 1678. Ashe asirin bai wuce hannu da haƙuri ba, abin da sai an zauna kusa da mai shi ake koya. Mun san irin wannan a gida: mai magani ya mutu da saiwarsa a ciki, 'ya'ya su gaji turmi kawai.

Kuɗin wannan rowa shekaru ne. Tsutsotsin da ido ke gani an san su tun da daɗewa, likitocin Masar ta dā sun rubuta su, Ibn Sina ma ya yi bayaninsu har da kurkunu. Amma ƙananan nan babu wanda ya sake bayyana su a hanjin mutum yadda ya kamata sai bayan an gyara manyan madubai a wajen 1830. A 1859, shekara 178 bayan wasiƙar Delft, wani likita a birnin Prague mai suna Vilém Lambl ya ga halittar a bayan gidan yaro ya zana ta; daga sunansa da na wani masanin Faransa, Alfred Giard, aka haɗa sunan Giardia lamblia. A 1851 Theodor Bilharz ya gano tsutsar tsargiya a Alƙahira. A 1875 Fedor Lösch ya ga amiba a bayan gidan wani mai atuni a Rasha. A 1878 Grassi da abokan aikinsa a Italiya suka nuna cewa ana iya gane mai ɗauke da tsutsa mai shan jini tun yana raye, ta hanyar neman ƙwanta a bayan gida, maimakon a jira sai an buɗe gawa. Daga nan ne gwajin ya zama aikin asibiti na yau da kullum.

Wanda ya mayar wa Lewenhuk haƙƙinsa wani Baturen Ingila ne, Clifford Dobell, wanda a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya aikinsa shi ne duba bayan gidan sojojin da suka dawo da atuni. Ya koyi tsohon Holanci don ya karanta wasiƙun da kansa, da ya iso kan ta 1681 kuwa nan take ya gane abin da ake kwatantawa, domin ya sha ganinsa. Ya bayyana haka a 1920, sannan a 1932, shekara 300 da haihuwar mutumin, ya fitar da littafi guda a kansa. Akasarin masana sun karɓi wannan fassara.

Lewenhuk ya yi tsawon rai, bai kuma ajiye gilashi ba. Ya bi rayuwar ƙuma da ƙwaron da ke cin hatsi a rumbu daga ƙwai har girma, don ya ƙaryata masu cewa datti ko hatsin ne ke haifar da su. Ya duba hanjin kwaɗo, da hantar tumaki, da kashin kaji da tattabaru. Ya lura cewa bayan ya sha kofi mai zafi sosai, halittun da ke kan haƙoransa na gaba sun daina motsi, na can ƙurya kuwa suna nan. A ƙarshen rayuwarsa wata cuta ta kama shi mai sa saman ciki ya riƙa karkarwa. Likitansa ya ce zuciya ce, shi kuma ya ɗora yatsa a jijiyar hannunsa lokacin da abin ya taso, ya ji bugunta daidai, ya ce tantanin da ke raba ƙirji da ciki ne. Shi ke da gaskiya, har yau kuma ana kiran wannan cuta da sunansa. Yana kan gadon mutuwa ya roƙi wani abokinsa likita ya fassara wasiƙu biyu na ƙarshe zuwa Latin ya aika Landan. Ya rasu ranar 26 ga Agusta, 1723, yana da shekara 90, aka binne shi a tsohuwar cocin Delft.

Mariya, wadda ba ta yi aure ba, ta zauna tana kula da shi har ƙarshe, ita ta cika masa wasiyya: ta aika wa Royal Society wani ɗan akwati mai madubai 26 na azurfa, kowanne da abin dubawa manne a jikinsa. Bayan shekara ɗari da 'yan kai akwatin ya ɓace daga hannun ƙungiyar, har yau ba a gan shi ba. Sauran ɗaruruwan an yi gwanjonsu a 1747, bayan rasuwar Mariya, suka watse. Waɗanda suka rage a duniya yanzu ba su wuce goma da 'yan kai ba. Ɗaya daga cikinsu an tsinto shi ne a cikin laka da aka yaso daga magudanan ruwan Delft, wani ya sa shi a kasuwar eBay a ƙarshen 2014 tare da tarkacen tsofaffin ƙarafa, bai san abin da ke hannunsa ba.